Da Saƙa

Tun daga bakin ƙofar ɗakin majinyata Auta ta hango robar. Murfinta shuɗi ne, da ɗan tsagewa a gefe, tana ajiye kusa da gado na huɗu, tsakanin flas ɗin ruwan zafi da kofi. Ta san robar nan sarai, domin da hannunta ta bayar da ita. Ledar lemon da ta riƙo ta ji ta yi mata nauyi.

Iya na zaune a gefen gadon da ƙaramin cokali a hannu. Ita ce mai share ɗakin gwaje-gwajen da Auta ke aiki, kuma yau kwana uku ba ta zo ba, shi ya sa Auta ta biyo dubiya. Mijinta, wanda kowa ke kira Baba Tela, yana kwance ana yi masa ƙarin ruwa, leɓɓansa a bushe.

Bayan gaisuwa Iya ta kwashe labari ta faɗa mata. Yana kan keken ɗinkinsa ya ce yana ganin jiri, sai amai, kafin ta ɗebo ruwa ya zube ƙasa yana jijjiga. Likita ya duba jini ya duba kai, bai ga komai ba, ya ce wataƙila farfaɗiya ce ta same shi da tsufa. Abin da ke ɗaure musu kai shi ne, sai ya fara samun sauƙi, sai abin ya dawo.

"Ba ya iya cin komai, Anti," in ji Iya. "Sai zumar nan taki, Allah Ya saka miki. Ita nake lasa masa safe da yamma."

Ta miƙa cokalin zuwa bakinsa.

* * *

Aikin Auta auna zuma ne. In ta faɗa a taron dangi sai a kwashe da dariya, a ce me kuma za a auna a zuma, zaƙi? Ta gaji da bayani ta bari. Amma a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci furanni suka ƙone, ƙudan zuma kan koma wa wani ɗan itace da ke fitowa a kwazazzabai, wanda ruwan furensa guba ne. Shi ƙudan ko a jikinsa. Zumar ma ba ta sake launi, ba ta sake ƙamshi, harshe ba ya gane komai. Na'ura ce kaɗai ke gani.

Tatacciyar zuma tana da sauƙi, don an haɗa ta amya arba'in a duro guda, ko da guba sai ta narke a cikin yawa. Saƙar zuma kuwa, abin da ƙudan ya zuba a rami yana nan a raminsa. Yanki ɗaya na iya kayar da ƙato. Saboda haka saƙa samfurinta daban, awonta daban, layinta kuma mako biyu ne. Duk wanda ya yi wata guda a ɗakin nan ya san wannan, balle Auta da ta shekara tara.

Kawunta mai kiwon zuma ne. Ƙanin mahaifiyarta ne, shi ya riƙe ta bayan rasuwar ubanta, shi ke goya ta a keke zuwa makaranta da fuskarsa a kumbure saboda harbi. Yakan ce rabin jininsa zuma ce, shi ya sa sauro ke binsa. Bana, da ruwa ya yi ƙaranci, ya kawo samfurin tatacciya, aka auna, ta fita fes. Ranar da ya zo karɓar takarda sai ya ƙi tashi daga kujera. Ya ce akwai saƙa kwali sittin, mai saye ya turo mota, ba zai jira mako biyu ba.

"Ƙudan ɗaya ne, daji ɗaya ne, Auta. A inda kika rubuta 'tatacciya' ɗin nan, ƙara 'da saƙa' kawai."

Ta ce ba a yin haka. Da ya yi faɗa da abin ya zo mata da sauƙi. Bai yi ba. Ya gyara hularsa, ya yi murmushi, ya ce ba komai, aiki aiki ne, shi ma ya yi farin ciki da ya rayu ya ga ranar da Autarsa ta fi ƙarfin a roƙe ta. Ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa.

A ofishin nan alfarma ba baƙuwa ba ce. Oga ya yi wa surukinsa, na teburin kusa ya yi wa maƙwabcinsa, ba wanda ya mutu. Haka ta gaya wa kanta. Ta ja takardar, ta ƙara kalma biyu, ta buga hatimi.

Kawu ya fito da roba mai shuɗin murfi daga jakarsa, cike da saƙa mai kyau kamar a ci da ido, ya ce a kai wa jikarsa, 'yar Auta. Da aka tashi aiki Auta ta ɗauko ta har bakin get. A nan ta tuna yadda 'yarta ke son tauna kakin zuma, sai ta tsaya cak. Ba za ta kai gida ba. Ba kuma za ta zubar da kyautar Kawu a shara ba. Ta juyo, ta tarar da Iya tana matse tsumman goge ƙasa, ta miƙa mata. Iya ta karɓa hannu bibbiyu tana ta shi mata albarka.

* * *

Auta ta riƙe hannun Iya kafin cokalin ya taɓa leɓen tsohon. Zumar ta ɗiga a kan zanen gado.

"Kada ki ƙara ba shi, Iya."

Iya ta dube ta da mamaki, ta tambaya ko lafiya. Auta ta rufe robar ta cusa a jaka, ta fita neman likita. A baranda ta same shi, ta gaya masa abin da take zargi da sunan gubar. Ya tambaye ta yadda aka yi ta sani, ta ce aikinta ne. Gaskiya ta faɗa, amma rabi.

Washegari ta tsallake layi ta sa samfurin a na'ura. Ta zauna ta zuba wa kwamfuta ido tana roƙon Allah Ya sa kuskure ta yi. Zanen awon a kan allon ya taho a kwance, ya taho, sai ya yi tsalle ya miƙe kamar ƙusa, alamar gubar ke nan. Ta sake awon, ya sake miƙewa a wuri guda.

Ta kira Kawu. Ta gaya masa abin da awon ya nuna. Sai ya ce kaya sun riga sun watsu a shaguna, ta rufa musu asiri, wataƙila robar nan ce kaɗai. Da ta ce dole a janye duka, muryarsa ta sake.

"Ni dai ban iya rubutu ba, Auta. Ke kika rubuta."

Bai yi ƙarya ba, shi ya sa maganar ta zauna mata a ƙirji. Oga ma shawarar da ya bayar ke nan a taƙaice: a ce samfuri ne ya cakuɗe, a bar maganar a cikin gida. Auta ta tuna kwali sittin, kowanne da uwar da za ta gutsura wa ɗanta. Ta zauna ta rubuta rahoto da sunanta, da ranar, da kalmomin biyu. Ta ɗora hatiminta a kai ta bar masa a tebur. Kafin mako ya ƙare an janye saƙar, an dakatar da ita daga aiki, Kawu kuma ya daina ɗaga wayarta.

Duk wannan bai ba ta tsoro kamar abin da ya rage ba.

* * *

Wata rana da hantsi ta je gidan Iya. An sallami Baba Tela, ya matsa sai an zaunar da shi a gaban kekensa a bakin ƙofa, da wata riga da ya bari rabi. Ya rame, hannunsa na dama yana rawa. Likita ya ce wataƙila ya daina, wataƙila kuma a'a.

Iya ta shimfiɗa mata tabarma a ciki. Auta ta zauna, ta faɗi komai, ba ta rage Kawu ba, ba ta rage kanta ba. Ta yi kuka, ta ce a yafe mata. Ta zo a shirye ta sha zagi, ko ma mari.

Iya ta saurara har ƙarshe, hannuwanta a kan cinya. Ta ce kuskure kowa na yi, zumunci ma yana da nauyi, ita ta sani. Auta ta fara jin numfashinta na dawowa. Sai Iya ta ɗago kai.

"Kin ce don jikarsa ya kawo. Ita 'yar taki, ta sha?"

"A'a."

"Ko ɗan lasa?"

Auta ta girgiza kai.

Iya ta gyaɗa kai sau biyu. Ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta shiga share tsakar gidan da yake a share.

Auta ta sa takalmanta ta fito. A bakin ƙofa Baba Tela, wanda bai ji komai ba, yana ta fama da zare, yana kai shi ga allura yana kaucewa. Da ya gan ta sai ya yi fara'a.

"Yauwa 'yata mai zuma. Zo ki zura min, idonki ya fi nawa."

Ta durƙusa a gaban keken ta karɓi zaren. Sau uku tana kai shi ga ramin allurar yana wucewa ta gefe, tsohon kuma yana jiranta da haƙuri.