Takalmin Sibdu a Bakin Dandamali

A unguwar Dapoya, cikin Wagadugu, akwai wani gida mai bishiyar mangwaro a tsakiya. A inuwarta ne mutum uku suka fara wani irin wasan kwaikwayo da ba a saba gani ba: Yamba Nikyema, malamin firamare mai gidan, da matarsa Sibdu, da abokinsu Lasina Drabo, wanda a lokacin ɗalibi ne.

Wasansu ba dandamali, ba labule. Masu kallo sukan zauna a kewaye, a yi wasan a kan tabarma a gabansu. Dokokinsu biyu ne, kuma Yamba ne ya kafa su. Ta farko, duk mai kallon da ya ga an yi ƙarya a wasan, sai ya cire takalminsa ya ajiye a fage. Nan take a tsaya, ya shigo ya karɓi matsayin ɗan wasan, ya nuna yadda abin yake a gaskiya. Ta biyu, ba a ambaton sunan kowa a cikin fage, ba a rubuta shi a takardar sanarwa. Yamba yakan ce ranar da suna ya shigo fage, ranar wasa zai fita.

Shekaru suka shuɗe. Drabo ya tafi Turai ya dawo da lambobin yabo, ya gina babban zauren wasa a bakin kwalta. Yamba ya yi doguwar jinya ya rasu a ɗakinsa. Sibdu ta tsufa a gidan mangwaro, ba abin da take so ta gani kafin ta bi shi sai a faɗa a gaban jama'a cewa mijinta ne ya fara wannan abu.

Wata safiya tana tsince wake sai ta ji muryar Drabo daga ƙofa.

"Ina baiwata? Sibdu, fito ki gaida ubangidanki!"

Shi Basamo ne, wato ɗan ƙabilar Samo, ita 'yar ƙabilar Mosi, ƙabilun biyu abokan wasa ne tun kaka da kakanni, ba mai fushi da maganar wani.

"Wane ubangida? Mai cin kare? Shigo, amma ka bar mana na maƙwabta da ransa."

Ta dama masa ruwan gero, ya sha ya goge baki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Za a yi bikin cikar ƙungiyar wasansu shekara arba'in, yara za su yi wasan yadda aka kafa ta, kuma an ware mata kujera a sahun gaba.

"Za a faɗi sunan Yamba?"

"Haba baiwata, ke da kika fi kowa sanin doka?"

"Na san ta. Na kuma ga naka a bangon zaure, kowane harafi ya kai tsayin akuya."

Ya yi dariya har da tari. "Turawa ba sa gayyatar tsakar gida, Sibdu, mutum suke gayyata. Dole wani ya ɗauki kayan."

"Lasina, ba wasa nake yi ba."

"Ai ku Mosi ba ku iya wasa ba, shi ya sa muke mulkinku."

Haka abin yake kullum. Duk maganar da ta fito daga bakinta zuwa kunnensa, kafin ta isa ta zama barkwanci.

Ranar bikin, bayan la'asar, ta ɗaura zaninta na saƙi ta tafi. Zauren cike yake, fankoki suna juyawa. An gina dandamali wanda ya kai ƙirjin mutum, an zuba masa yashi, an kafa bishiyar mangwaro ta roba.

Aka fara wasa. Ga saurayi kyakkyawa da littattafai a hammata, ba a faɗi sunansa ba, amma kowa ya gane Drabo ne. Ga kuma mai gida, wani rago mai hula a karkace, rungume da ƙwaryar burkutu, yana mitar an cika masa gida da hayaniya. Can ya ɓingire da barci, takalminsa ya fice ya faɗo tsakiyar fage. Saurayin ya tsaya, ya dube shi, ya dubi sama, ya dafe goshi kamar wanda aka yi wa wahayi. Zauren ya ɗauka da dariya da tafi.

Yamba bai taɓa kai burkutu bakinsa ba. Ta miƙe a hankali saboda gwiwa, ta isa bakin dandamali, ta cire takalmin ƙafar dama, ta ɗaga hannu ta ɗora shi a kai.

Wata mai nuna wa baƙi kujeru ta sheƙo, ta raɗa mata, tana kiranta kaka da harshen Mosi, "Yaaba, takalminki ne? Kawo in sa miki, ki koma ki zauna."

'Yan wasan suka yi cirko-cirko. Sun ji labarin dokar a aji, amma ba su taɓa ganin wanda ya yi aiki da ita ba. Duk suka dubi Drabo. Ya tashi tsaye.

"Doka ce," in ji shi. "A tsaya. A kama mata hannu ta hau."

Ta karɓi hular daga kan mai gida, ta daidaita ta a kanta, ta ture ƙwaryar gefe da ƙafa. Sai ta kira ɗaya daga cikin 'yan matan wasan, ta ce ta zauna can gefe ta yi gunaguni, kamar yadda wata maƙwabciya ta yi a ranar da dokar takalmi ta samo asali. A ranar wasan gwauruwar da dangin miji suka kwashe wa kaya ake yi, matar kuwa abin ya taɓa faruwa a kanta, sai ta riƙa cewa ƙasa-ƙasa, "Ƙarya ne, ba haka ake yi ba."

Sibdu ta taka irin takun Yamba, kafaɗa ɗaya a sauke, ta je gaban yarinyar ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, mu ba mu sani ba. Taso ki nuna mana."

Yarinyar ta gane. Ta ce ba za ta taka tabarmar mutane da takalmi ba, ta cire ta ajiye, ta shigo.

Saurayin da ke matsayin Drabo, ganin wasan ya kuɓuce masa, ya nemi abin cewa. "To mai gida, kai wane ne da za ka koya mana wasa?"

Ga tambayar da ta daɗe tana jira, ga jama'a, ga 'yan jarida da na'urorinsu. Sunan ya zo har kan harshenta. Amma ƙafarta tana cikin fage, hularsa tana kanta, kuma ta san abin da Yamba zai ce da shi aka tambaya. Ba ta taɓa karya masa doka yana raye ba.

"Ni? Mai tsakar gida ne kawai," ta ce. "Ka tambayi matar nan abin da ta gani."

Mutane suka miƙe tsaye suna tafi, wasu suna share ido.

Da aka tashi, tana zaune a kan matakala tana sa takalminta, ta ji wata 'yar jarida tana tambayar Drabo ko wace ce tsohuwar nan.

"Ɗaya daga cikin masu kallo," in ji shi. "Kin dai gani da idonki. Abin da na yi shekara arba'in ina koyarwa ke nan, wasan na jama'a ne."

'Yar jaridar ta rubuta, ta yi godiya, ta wuce. Drabo ya matso, ya rage murya.

"Na ba ki fili, Sibdu. Me ya hana ki faɗa?"

"Ina cikin fage. Kai kana waje, aka tambaye ka."

Ta ga tsufa ya sauko masa a fuska, har ta yi zaton yau zai amsa mata kamar mutum. Sai wani babban baƙo ya ɗaga masa hannu daga bakin ƙofa.

"Yaushe baiwa ta fara aiken ubangida?" ya ce da 'yar dariya, ya dafa kafaɗarta, ya tafi.

Ta fito ita kaɗai. A waje ana ta tada babura, hayaƙi ya turnuƙe, masu sayar da shinkafa da wake suna kiran ciniki. Nan ba fage ba ne, ba dokar da ta ɗaure ta. Ta tsaya a bakin ƙofar, ƙarƙashin manyan haruffan nan, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Yamba Nikyema!"

Ba wanda ya waiwaya sai mai gadin babura, wani dattijo da tarin mabuɗai a wuya. Ya dubi layin baburan da suka rage, ya dube ta.

"Yaaba, wa kike nema? Faɗa mini irin babur ɗinsa, in duba miki ko ya riga ya tafi."