Gurbi na Tara

Shekara nawa ɓarna take yi kafin ta zama tarihi? Dubu huɗu? Arba'in? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban kamo bakin zarenta ba. Kafintan da zan ba ku labarinsa ma bai kamo ba, ko da yake ya fi ni daɗewa yana ɗauke da ita.

Abin ya taso ne wata safiya a shagonsa. Yana tsaye yana goge ƙafar kujera, garin katako ya yi masa fari a gira, sai ga autarsa ta shigo da jaka a kafaɗa. Cikin 'ya'yansa biyar ita kaɗai ta kai jami'a, tana karatun kayan mutanen da, irin waɗanda ake tonowa daga ƙasa. Kwana goma ya rage ta miƙa aikinta na ƙarshe.

Aikin a kan wani ƙaton dutse ne da ke bayan ƙauyen da aka haifi kafinta. Tun kafin a san ƙarfe, a jikinsa mutanen farko suke goga gaturansu na dutse har su yi santsi su yi kaifi. Gugar ta bar guraba tara a bayan dutsen. Takwas masu faɗi ne, kamar cikin cokali. Na tara siriri ne, yana can gefe shi kaɗai, miƙe sambal. A kansa Auta ta gina aikinta duka: wai mutanen suna da wani ɗan makami siriri wanda har yau ba a tono irinsa ba.

"Baba, malamina ya ce in koma in sake awo, in kuma naɗo muryar dattawan da suka tashi a wurin," in ji ta, tana miƙo waya kusa da bakinsa. "To ga dattijo a gida, me zai kai ni yawon nema?"

"Kawar da abin nan daga bakina."

"Minti biyar fa kacal."

"Ni me na sani? Katako na sani. Je ki tambayi masu ilimi."

"Kai da ka ishe mu da labarin dutsen nan tun muna ƙanana? Har Mama tana cewa gara a kai maka katifa can ka huta."

"Na ce ba zan yi magana a ciki ba, Auta."

Ta dube shi, don bai saba ɗaga mata murya ba. Ta mayar da wayar cikin jaka. "To ka raka ni ka riƙe mini tef ɗin awo. Ba wanda na yarda da awonsa kamar kai."

Wannan kam bai sami hanyar ƙi ba.

Ga abin da Auta ba ta sani ba. Kafinta yana ɗan shekara goma sha shida aka kai shi koyon sana'a wurin wani tsoho mai zafin rai. Tsohon ba ya barin ɗan koyo ya taɓa dutsen washinsa, amma kuma in ya sami ƙarfenka da dakushi sai ya kore ka gida, ya ce ka dawo ranar da ka yi hankali. Yaron yana da cizal guda, siriri, ƙarfen nan mai kaifin baki da ake fafe katako da shi. Sai ya tuna da dutsen bayan gari. Gurabun nan takwas sun yi wa cizal ɗinsa faɗi, don haka ya zaɓi fili a gefe, ya zuba ruwa, ya fara gogawa. Kullum kafin ya tafi aiki sai ya biya. Shekara huɗu yana yi, a wuri guda, har dutse ya ba da hanya.

Wannan ba laifi ba ne da za a kasa barci a kansa. Yaro ne, bai san darajar abin ba. Laifin ya zo ne daga baya, ranar da wani ma'aikacin kula da kayan tarihi ya iso ƙauyen da littafi da abin ɗaukar hoto, aka haɗa shi da kafinta ya kai shi wurin dutsen, saboda shi ne ya ɗan taɓa makaranta. Mutumin ya tsuguna, ya ƙirga, ya sa yatsa a na taran, ya ɗaure fuska.

"Wannan fa? Bai yi kama da sauran ba."

Kafinta ya taɓa jin ana cewa wanda ya taɓa kayan tarihi ɗaure shi ake yi. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Tun kakana yana yaro yake nan. Shi ma ya ce haka kakansa ya same shi."

Mutumin ya rubuta. Bayan shekara aka kafa allo mai cewa guraba tara. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, haka ake faɗa. Tasa kam ta yi 'ya'ya, har ta kai jami'a.

Ranar tafiya, yana cikin kulle shago sai ya koma ciki, ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko cizal ɗin ya sa a aljihu. Washin shekara arba'in da biyar ya cinye rabin tsawonsa, amma faɗinsa yana nan yadda yake. Bai tambayi kansa dalilin ɗaukowa ba. Ya ce wa zuciyarsa kafinta ba ya tafiya hannu rabbana.

Mota ta sauke su a bakin titi da hantsi, suka bi siririyar hanya tsakanin gonaki. Auta tana gaba tana zuba, shi yana baya, ƙarfen yana bugun cinyarsa da kowane taku. Suka sami dutsen a ƙarƙashin bishiya kamar saniya a kwance, ruwan daren jiya ya taru a gurabunsa. Allon ya yi tsatsa, amma taran tana nan raɗau.

Mai gonar da dutsen yake ciki ya hango su, ya jingine fartanya ya taho. Sa'an kafinta ne, tare suka yi wasan ƙasa.

"Wa nake gani? Kafinta! Ashe ba ka mutu ba?"

"Ina zan mutu in bar ka kana ɓata ƙasa?"

"Ji mutum! Birni ya cinye maka gashi, bai cinye maka baki ba. Wannan ce 'yar tamu mai karatu?"

Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙe shi ko zai yi magana a waya. Ya gyara tsayuwa kamar mai ɗaukar hoto, ya ba da labarin yadda suke zama a kan dutsen suna gadin tsuntsaye.

"Baffa, kana yaro ma tara ne?" in ji ta.

Mai gona ya yi shiru kaɗan. Kafinta ya san wannan shirun. Sau nawa mutumin nan ya wuce da awaki da sassafe ya same shi a durƙushe yana washi? Har ruwa ya taɓa zuba masa.

"To, 'yata," in ji mai gona, yana sosa ƙeya, "allo ya ce tara. Mu da ba mu yi boko ba, wa ya aike mu musu da allo?" Ya yi dariya, ya kalli kafinta sau ɗaya, ya kawar da kai. "Bari in koma, ciyawa ba ta jiran baƙi."

Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Mutum ya rufa maka asiri a gaban 'yarka, ya ɗora wa kansa rabin ƙaryarka ba ka roƙe shi ba. Kafinta ya ji kunya ta sauko masa tun daga wuya har tafin ƙafa.

Suka fara awo. Auta tana kwashe ruwan da soso, shi yana ɗora tef yana faɗa, tana rubutawa. Ya sa tafin hannu a gurbi na uku, ya ji santsinsa kamar cikin kofi. Wani mutum ya durƙusa a nan, a daidai inda gwiwarsa take, ya yi ta gogawa har kafaɗa ta yi tsami, don gobe yana da itacen da zai sara. Mene ne bambancinsu? Shi ma abin da ya kawo shi ke nan. Sai dai wancan bai yi wa kowa rantsuwa da kakansa ba.

"Saura namu," in ji Auta, tana murmushi. "Faɗinsa?"

"Milimita shida."

Ta rubuta, sannan ta ɗago. "Baba, ko tef ɗin ba ka ɗora ba."

"Ido ne. Sabo."

"Kai, Baba! Wallahi shida ne cif, haka na samu wancan karon." Ta buɗe jaka ta zaro takardu a cikin leda. "Dama so nake sai an gama in nuna maka, amma ba zan iya haƙuri ba. Duba shafin farko."

Ya karɓa da hannu biyu, ya nisanta takardar daga idonsa. An rubuta cewa aikin sadaukarwa ne ga mahaifinta, wanda ya koya mata cewa a auna sau biyu kafin a yanka, kuma wanda ya fara nuna mata wannan dutse.

Ya daɗe yana kallon layin. Idan ya yi shiru, mai yiwuwa ta ci jarrabawarta, a tafa mata. Mai yiwuwa kuma wata rana wani masani ya zo da gilashinsa ya ga alamar ƙarfe, a yi mata dariya a gaban jama'a, ita da ba ta ci nanin ba. Idan ya yi magana, aikin wata bakwai ya rushe, saura kwana tara, kuma wannan shafin ba zai sake karantuwa yadda yake ba. Ya auna sau biyu. Duk ta inda ya ɗora tef, yankan a jikinta yake faɗawa.

Ya miƙa mata takardun. Ya sa hannu a aljihu ya fito da cizal, ya durƙusa, ya kwantar da bakinsa a cikin gurbi na tara. Ƙarfen ya zauna daram, kamar ƙafa a tsohon takalminta. Ya tura shi gaba, ya dawo da shi. Ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba.

Auta ta kalli ƙarfen, ta kalli ubanta. Ta sake kallon ƙarfen.

"Baba, mene ne wannan?"

"Makamin da kike nema ne. Wanda ba a tono ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a ƙasa, takardun a cinyarta. Can nesa ana jin fartanyar mai gona tana cin ƙasa.

"Wata bakwai," ta ce a hankali. "Kana gani ina kwana a kan tebur. Kai kake kawo mini shayi. Ka gyara mini ƙafar teburin ma."

"Na gyara."

"Ka kasa cewa komai?"

"Na kasa."

"Me zan ce wa malamina? In ce mutanen farko ubana ne?"

Ya tsaya a durƙushe, hannunsa a kan ƙarfen, idonsa a ƙasa, yadda yake tsayawa gaban tsohon maigidansa in ya ɓata katako. Ta share ido da bayan hannu. Ta buɗe takardun tana juyawa, shafi bayan shafi, ya ga tana naɗe kusurwar waɗanda suka mutu. Sun yi yawa. Da ta gama sai ta riƙe 'yan da suka rage tsakanin yatsu biyu, ta auna kaurinsu da ido.

"Takwas ɗin suna nan," ta ce, ba shi take wa magana ba. "Awonsu yana nan. Sai dai in rubuta yadda aka yi tara ta hau allo." Ta yi tsaki. "Wa zai yarda da ni? Ba ni da shaida sai ƙarfe."

Kafinta ya zare cizal daga gurbin, ya goge shi da gefen riga, ya ajiye a kan dutsen tsakaninsu. Ya gyara zama, ya kakkaɓe gwiwa.

"Ina wayar taki?"

Ta dube shi, ba ta motsa ba.

"Ɗauko. Ki matso da ita kusa, muryata ba ta da ƙarfi yau."

Ta ciro ta, ta danna, ta riƙe a gaban bakinsa. Ya yi gyaran murya, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da sana'arsa, sannan ya ce, "Ina ɗan shekara goma sha shida, gurabun dutsen nan takwas ne."