Garin da Yaya Ya Gina

Janar bai ko kashe motar hayarsa ba ya faɗa shagon mai gyaran kwamfuta, fasinjoji na ta mita a bayansa. Matarsa ce ta kira shi tana murna, wai ta kai tsohuwar kwamfutarsa an wanke ta tas, don ta gaji da ganin yana zaman jiran ta buɗe.

Ya tarar da kwamfutar a kan tebur, tsakanin wayoyi da ƙananan kusoshi. Mai gyaran, wani siriri mai tabarau, ya ce ya goge komai, yanzu gudu take kamar sabuwa. Janar ya tambayi wasan yaƙin dauloli da ke ciki. Mutumin ya yi dariya, ya ce ai wannan wasan ya tsufa tukuf, ya zuba masa sababbi masu kyan hoto.

Janar ya daki teburin har kusoshin suka watse.

"Wa ya aike ka? Akwai gari a ciki. Yayana ne ya gina shi."

Tun suna samari suke wasan, a nan ma ya samo sunan Janar. Shi gaggawar kai hari ce da shi, Yaya kuwa sai noma da haƙar dutse da gina ganuwa, har abokin gaba ya gaji ya kawo kansa. Da ciwo ya kwantar da Yaya bara, Janar ke riƙe masa kwamfutar a gadon asibiti, Yaya yana nuna masa da yatsa inda za a kafa rumbu da inda maharba za su tsaya. Bai ƙarasa ganuwar gabas ba ya rasu. Tun daga nan Janar kan buɗe garin ya duba kawai, bai taɓa motsa ko manomi ɗaya ba.

Bai faɗi wannan duka ba. Zagi ya yi ta yi, har maƙwabta suka leƙo. Mai gyaran ya cire tabarau, ya ce abin da ya goge ba ya dawowa, ƙarya ce ba zai yi masa ba. Wasan dai yana da shi a wani tsohon faifai, shi ma ya taɓa yin haukansa.

Ya saka. Kiɗan nan na da ya tashi. Babu gari, sai daji da kogi. Allon na tambaya: mutum ɗaya ne ko biyu?

A waje wani fasinja ya danna hon. Janar ya leƙa ya ce su nemi wata motar. Ya dawo, ya janyo kujera da ƙafa, ya danna biyu.

"Zauna," ya ce wa mai gyaran, ko kallonsa bai yi ba. "Kai ka rushe shi, kai za ka ɗauko dutse."