An Ba Ni Takobi, An Karɓe Mini Baki

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, ni Nomau, wanda agana ta kayar tun yana yaro ya tashi. Rijiya ta rufta da ni, na fito da ƙafata. Mota ta kife da mu a hanyar Gusau, na miƙe ina kaɗe riga. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba a haifi wanda ya ƙure ni a magana ba. To, a mafarkin nan an ƙure ni.

Na ga kaina a cikin talabijin ɗin shagon maƙwabcina Ɗanliti, inda ƙarti ke wuni suna latse-latse, suna tuƙa mutum a cikin gilashi, wai gem. Ƙasar ba rana, ba inuwa. Ruwa na tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, ba ya jiƙa kowa.

A bakin wata ƙofa wani bunsuru ne zaune bayan tebur, da tabarau. A bangon bayansa an rataye jiki biyu a ƙusa kamar riguna.

Ya ce, "Namiji ko mace?"

Na ce, "Kai ɗan akuya, dubi gemun nan. Ka san ko ni wane ne? Shekarar da aka yi fari..."

"Baba, ba a ba da labari a nan. Zaɓe ake yi."

"Ranar da aka haife ni ba a tambaye ni ba, yau ma ba na zaɓa."

"To mai riƙe da kai zai zaɓa."

Ya nuna sama da ƙaho. Inda ya kamata a ga gajimare, wani ƙaton babban yatsa ne a tsaye yana jira. Ya karkata dama, na ji ni cikin jikin namiji. Ya karkata hagu, na ji ni cikin na mace. Ya yi ta juya ni kamar mai zaɓen atamfa, har ya tsaya a kan wata doguwar budurwa mai takobi a baya. Fuskarta sumul, babu tabon agana ko ɗaya. Na tashi in yi rantsuwa, sai na tarar bakin zane ne kawai, ba ya buɗuwa.

Bunsurun ya ce, "Jarumi ba ya magana. In ya yi, mai riƙe da shi zai gane shi daban, jarumin daban."

Sai ga ni a kasuwa. Kowa na tsaye a wurinsa, kowa maganarsa guda. Wani mahauci ya ce, "Sannu da zuwa, jaruma. Hanyar arewa ba kyau." Na wuce, na dawo, ya maimaita, wuƙarsa ba ta taɓa naman ba. Yatsan ya shigar da ni gidajen mutane ba sallama, ya sa na farfasa musu tukwane, masu gidan na tsaye suna murmushi. An gaishe ni ban amsa ba, kuma ba wanda ya ji haushi. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Sai bakin rafi, ruwan na gudu da baya. Inna ce zaune a kan dutse da ƙwarya a cinya. Ita a shekarar agana ta rasu, ina kwance a bukka ban san inda kaina yake ba. Ta tafi ba ta san ko zan rayu ba. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, kunya ta hana.

Ta dube ni, ba ta gane ni ba.

"'Yar nan, daga gida kike? Na baro wani a kwance. Wancan dai, kin gane." Ta sunkuyar da kai. "Ya tashi?"

Duk duniya ba mai amsar nan kamar ni. Ya tashi, ya yi aure, ya ga jikoki, ya binne sa'o'insa duka. Maganar ta cika mini ƙirji, ta rasa ƙofa.

Sai rubutun boko layi biyu ya fito a iska, tsakanina da ita. Na gane ɗaya i ne, ɗaya a'a, amma ban san wanne ne wanne ba. Yatsan ya hau na sama, ya sauko na ƙasa, ya koma. Ya tsaya kamar mai shi ya tafi shan ruwa. Inna na jira. Sannan ya danna na ƙasa.

Ni ban ji komai ba, ita ta ji. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ko dariya ce ko kuka, ban sani ba. Yatsan ya juya ni arewa, ƙafafun budurwar suka kama gudu, wuyan ya ƙi waiwayawa.

Injin markaɗen gidan baya ne ya tashe ni, an fara niƙa waken ƙosai. Na zauna a bakin gado na ce da ƙarfi, "Ya tashi, Inna!" Amma ƙarar injin ta yi yawa, ni kaina ban ji ba.