Teburin Da Ya Ƙaru Da Santimita Biyu

Shekara sha takwas ina koyar da kimiyya, kuma shekara sha takwas tsawon teburin ɗakin gwajinmu santimita ɗari da hamsin da biyu ne. Ni na auna shi da rulata ta katako mai mita ɗaya, wadda nake dungurin siminti da gindinta in surutu ya yi yawa. Ɗalibai sun gaji amsar daga yayyensu. Wasu ko sunkuyawa ba sa yi.

Bana sai wata yarinya da ajin ke kira Me-ya-sa ta rubuta ɗari da hamsin cif. Na zabga mata jan biro. Makin nan ɗaya ya fitar da ita daga ukun da za su wakilci makaranta a gasar kimiyya.

Washegari ta tare ni gaban aji.

"Malam, sau uku na auna, kamar yadda ka koya mana."

"Da me?"

"Da tef ɗin mamata. Tela ce."

"To, ai shi ke nan. Tef ɗin tela miƙewa yake yi in ya tsufa, kamar ƙugun wandona."

Aji ya yi dariya. Na ji daɗin kaina har na gyara tabarau.

Ba ta yi musu ba. Ta rubuta maganata a littafinta, ta sa mata suna hasashe na ɗaya. Hankalina bai so wannan "na ɗaya" ba.

Ran Litinin ta dawo da tef na ƙarfe, aro daga kafintan layinsu. Ta auna, wasu biyu suka auna bayanta. Ɗari da hamsin.

"Ko teburin ne ya motse?" in ji wani dogo daga baya.

"Azumi yake yi," wani ya amsa masa.

Na buɗe baki in kawo zancen yadda zafi da sanyi ke sa abu ya miƙe ko ya motse, ta riga ni.

"Malam, ka ce a canza abu ɗaya, a bar sauran. Tebur bai canza ba. Saura rula. In auna ta?"

Ban taɓa jin an auna ma'auni ba, amma hana ta na nufin in ƙaryata darasin mako uku. Na miƙa mata kamar mai miƙa wuya ga wanzami.

Santimita casa'in da tara. Simintin ya cinye santimita guda daga gindinta, sifilin ma babu shi. Sau biyu nake ɗora ta a kan tebur, ga biyun nan. Ashe duk tsawar da na yi wa yara, rula ce ke biya.

Aji na jiran in dunguri ƙasa. Sai na ɗauki alli, na goge lambar da ke kan allo, wadda ta girmi wasunsu, na rubuta ɗari da hamsin. Na ciro takardarta na gyara makin a gaban kowa. Tafin da suka yi har shugaban makaranta ya leƙo ya ga wa ake duka.

Ta je gasar, ta dawo da kofi.

Da na ba uwargida labari, cewa ta yi, "Wato yarinya ta kama ka."

"Da dabarar wa ta kama ni?"

"Taka."

"To, ni na ci."

Rular tana rataye a bango yanzu. Duk sabon aji, ita suke fara aunawa.