Takardun Mai Ɗinki

"Malam, don Allah ka zauna, ni zan ɗauko," in ji Mai Ɗinki, tana janye kwali daga hannun tsohon.

"Ke ce ɗaliba ko ni?" ya ce, amma ya zauna yana haki.

Suna cikin ɗakin ajiya na tsohuwar makarantarta. Shekararta ta haura arba'in, autarta ma ta gama sakandare, sai yanzu ta nemi jami'a. Jami'a kuwa ta ce sai ta kawo sakamakonta na dā kafin ƙarshen wata. Sau uku tana zuwa makarantar, sakatariya na cewa ruwan sama ya ci takardun shekarar. Da Malam, maƙwabcinta, wanda ya koya mata lissafi a nan, ya ji haka, sai ya sa hularsa ya ɗauki sanda, duk da likita ya hana shi fita.

Suka yi ta buɗe kwalaye suna atishawa, har sakatariyar ta cire takalmi ta shigo taya su. Can wajen la'asar Mai Ɗinki ta ga sunanta a wani fayil da gefensa ya jiƙe ya bushe. Ta ƙwala ihu.

"Karanto min lissafi," in ji Malam.

"Da ƙyar na haye."

"Me malamin ya rubuta a ƙasa?"

Ta matso da takardar kusa da taga. "Wai, tana da ƙwaƙwalwa, amma bakinta ba ya hutawa."

"Rubutuna ne!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kuma ko yau aka ba ni biro, haka zan sake rubutawa."

Daga ranar bai ƙara fita ba. Kullum da hantsi takan bar keken ɗinkinta ta leƙa, ya sa ta zauna a bakin gado yana ba ta lissafi da baki, matarsa na faɗan ya bar yarinya ta sha iska.

Ranar da jami'a ta ɗauke ta, da gudu ta shiga, zare maƙale a zaninta.

"Malam, sun ɗauke ni!"

Ya buɗe ido a hankali. "To, 'yar nan, ki zauna a gaba. Ban da surutu."

Bayan kwana biyu ya cika, da safe, matarsa na riƙe da hannunsa. Masu zuwa gaisuwa suka cika layin, yawancinsu tsofaffin ɗalibansa, kowa na ba da labarin yadda ya taɓa ja masa kunne. Aka yi kuka, aka yi dariya.

Ranar fara karatu matar Malam ta tare ta a ƙofa, ta miƙa mata tsohuwar jakarsa ta fata.

"Ya ce a ba ki."

A cikin bas Mai Ɗinki ta ɗora jakar a cinya, ta zura hannu a ƙaramin aljihun don ta sa bironta. Da ta fito da shi, yatsunta sun yi fari da alli.