Inna Hannatu Ba Ta da Lamba

"Ɗaga mata kai, Zulaiha! Kar ki bari ta kwanta!"

Ɗayyabu mai karo, wato amalanken jaki, ya zuba wa jakinsa bulala, ƙafafun karon na tsalle a kan baƙar laka da ta bushe ta tsattsage. A bayansa Inna Hannatu, maƙwabciyarsa, tana jingine da 'yarta Zulaiha, ƙirjin uwar na kuka kamar an danne ɗan tsako. Kwana tara ke nan tana tsaye bayan injin sussukar dawa a gonar wani attajiri, daidai inda ƙaiƙayi ke tashi. Nan ake ajiye Hausawa kowace kaka.

A asibitin unguwa, ma'aikacin da ke bayan taga ko ɗagowa bai yi ba.

"Katin ta'amin."

"Ba ta da inshorar lafiya," in ji Ɗayyabu. "Asma ce, ya ustaz, ai kana jin ta."

"Raƙam watani fa?"

"Sau uku tana neman lambar ƙasar nan. Kullum sai a ce ta kawo shaidar kakan kakanta."

Sai lokacin ya ɗago, ya ƙare musu kallo.

"Fallata ne ku, baƙin yamma? Ku bi layi."

"A Gadarif aka binne cibiyarta! Kakanta ne ya sare dajin da kuka gina ɗakin nan!"

"Ya zol, kar ka ɗaga mini murya."

Ana haka wata mota ta tsaya, aka fito da matar wani ɗan kasuwa tana ɗan tari. Ba wanda ya tambaye ta kati. Aka wuce da ita ciki, aka ɗaura mata na'urar shaƙa ɗaya tilo da ke aiki.

Ɗayyabu ya yunƙura. Inna Hannatu ta riƙo gefen jallabiyarsa.

"Bari, ɗan nan... kar su kulle ka."

Leɓɓanta sun riga sun yi baƙi. Da layi ya zo kansu, likita ya taɓa wuyanta, ya saki hannun.

"Me ya sa ba ku kawo ta da wuri ba?"

Ɗayyabu bai san sanda ya harba bencin da suke jira a kai ba. Mutum huɗu suka fitar da shi.

Ranar uku wakilin gonar ya zo gaisuwa. Ya ɗaga hannu aka yi Fatiha, ya shanye shayinsa, sannan ya ce wurin bayan inji yana nan ba kowa, in akwai mai so.

Washegari da sassafe Ɗayyabu na ɗaura wa jaki ragama, ya hango Zulaiha a bakin titi. Ta naɗe hancinta da gefen mayafi, ta yi tari sau biyu, ta kama ƙarfen lorin gonar ta hau.